Farin Layi a Jikin Fuli

Shekaru sun ja, amma wata ranar Alhamis ta ƙi fita daga raina, kuma tunda ku ma, yaran da nake koya wa aiki, yanzu kun fara riƙe sifana, gara ku ji ta daga bakina. Lokacin ina shekara ta tara a wani gareji a Dagenham, wata unguwa a Landan, da ke gyaran tsofaffin motoci. Mai garejin yana ofis, ƙarƙashinsa akwai foman, Terry, sai mu bakanikai huɗu. Duk motar da ke da kafireta, wato na'urar haɗa fetur da iska ta tsofaffin motoci, wurina ake turo ta, domin a Panteka ta Kaduna na koyi aiki, inda kunne ke gaya maka ciwon inji.

Motar ta wani dattijo ce, Mista Dawson: ja, irin manyan motocin nan na Amurka na shekarun 1960, mai silinda takwas. Da marigayiyar matarsa suka saye ta, yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Taimin kawai ya kawo a daidaita masa, zai ɗauka ranar Juma'a.

Ga wanda ba bakanike ba, taimin shi ne lokacin da filogi ke ba da wuta. Dole ta zo dab da fistin zai kai ƙarshen hawansa. In ta makara, mota ba ƙarfi. In ta yi sauri, inji ya riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya huje. Akwai alama a jikin fuli, wato faifan da ke juyawa a gaban inji. Sai a haska ta da wata tocila mai walƙiya, a juya distiributa, mai raba wa filogi wuta, har alamar ta tsaya inda littafi ya ce.

Na yi duk wannan, amma kunnena bai yarda ba. Na cire filogi na ɗaya, na juya injin da hannu har fistin ya kai sama, sai na ga alamar ta kauce nesa. Irin wannan fuli zobe biyu ne da roba a tsakani. Robar ta tsufa, zoben waje ya zame da alamar. Na ja sabon layi da farin fenti a inda ya dace, na daidaita da shi. Injin ya kwanta lumui.

Da yamma sai ga Mista Dawson ya leƙo. Terry mutum ne mai son burga a gaban kwastoma. Ya ɗauki tocilar ya haska, ya ce, "Garba, wannan ai ya kauce. Bar bin wannan shirmen fentin, wani sakarai ne ya taɓa shafa shi. Mayar da shi kan alamar kamfani."

A nan na yi wautar da ta ci ni. Maigidana a Panteka, Malam Tanko, na taɓa gyara masa magana a gaban baƙo, ya yi sati bai dube ni ba. Daga shi na koyi cewa ba a kunyata na gaba da kai a gaban mutane. Ka bari baƙo ya tafi, sannan ka faɗa masa a kunne. Sai na sassauta notin distiributa, na juya ta da hannuna. A raina na ce motar ai a nan za ta kwana, zan mayar.

Sai dattijon ya ce tunda an gama, bari ya tafi da abarsa. Terry ya miƙa masa makulli, ya miƙo mini katin aiki, wanda duk bakaniken da ya yi gyara ke sa wa hannu. Na sa. Har a lokacin da zan iya cewa a tsaya, amma na bar shi ya shiga motar. Yana hawa titi na ji injin ya ɗan ƙwanƙwasa.

Ya ɓace kenan na gaya wa Terry komai. Ya ce zai kira shi da safe. Mista Dawson bai jira safiya ba, a yammacin nan ya hau babbar hanya. Ranar Juma'a aka jawo motar, fistin biyu sun huje.

Mai gareji ya tara mu a gaban motar. Na ɗauka ina da hujja. Na nuna masa farin layina, na yi bayanin zoben da ya zame.

Ya ce, "Yaushe ka ja wannan layin?"

Na ce, "Kafin ya zo."

"Wato ka sani. Ka sani, ka juya, ka sa hannu."

Terry ya ce, "Da ya yi magana motar tana nan, da na saurare shi." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ya yi ba. Mista Dawson bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Ina tsaye a gabanka fa."

Ba su kore ni ba. Sun mayar da ni canjin taya da juyen mai, ni da shekara tara ba a taɓa dawo da aikina ba. Wata huɗu na jure, na ajiye aikin. Terry kuwa yana nan a matsayinsa har ya yi ritaya.

Ban ce ku raina manya ba. Amma a wannan sana'a, a wannan gari, ba wanda zai rubuta ladabinka a katin aiki, sunanka kawai za a gani. Na rufa wa Terry asiri na minti biyar, kuma har ya bar aiki bai ɗauki hakan a matsayin alheri ba. Wanda ya kamata in ji kunyarsa shi ne dattijon da ke tsaye a gabana, ya amince mini da abin da matarsa ta bar masa. Shi ya sa ranar farko nake gaya muku: in kun ga na kauce, ku faɗa a take, ko waye ke tsaye. Zan ji haushi, na sani. Ku faɗa.