Zaren da Na Ɗinke Ƙyalla da Shi

Baba Ɗanasabe manomi ne a wani ƙauye na Doguwa, gonarsa tana jingine da dajin Falgore. Asalinsa mutumin Kiru ne, neman ƙasar noma ya kai shi can tun yana da ƙarfinsa. Ya auri Barakatu, suka haifi mata biyar, duk suna ɗakunan mazajensu. Masara yake yi, kuma duk mai masara a wannan gefen ya san da gwaggon biri yake rabawa. Da gwiwa ta fara damunsa, sai gadin gona ya koma kan karyarsa, Ƙyalla. Ba ta shiga ɗaki, ƙwaryarta daban take a gindin rumbu, amma wallahi ba ya cin tuwo bai gutsura mata ba.

Ni kuwa malamin dabbobi ne a Tudun Wada, aikina shanu da awaki. A shekarar da abin ya faru an fara sa ni jan salla a masallacin unguwa idan liman ya yi tafiya, kaina ya kumbura, ni a dole malam.

Wata Laraba da hantsi sai ga Baba a bayan babur, rungume da karyar cikin buhu. Biri ya farke mata ciki, fata da nama, har ana hango hanji. Ya gaishe ni kamar ni ne babba, ya ce masararsa saura wata guda ta nuna, in babu Ƙyalla birai za su girbe masa. 'Yan majalisar bakin shagona suka fara ƙus-ƙus. Tasi'u mai shayi, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce ashe limaminsu likitan kare ne. Aka kwashe da dariya.

Zare iri biyu ne a akwatina. Akwai na hanjin tunkiya, wanda yake narkewa a jiki, ƙarfinsa bai cika wuce mako guda ba, na ƙananan ɗinki ne. Akwai shuɗin nailan, ba ya narkewa. Naman ciki shi ke ɗauke da nauyin hanji, dole ya sami zaren da zai jure. Na san wannan sarai, an koya mini. Amma nailan sai an bi shi ƙulli-ƙulli a tsanake, kuma na fata sai an dawo da karyar bayan mako biyu an cire. Wato sau biyu ke nan za a gan ni durƙushe a kan kare, ga azahar tana matsowa, liman ba ya gari.

Na yi mata allurar barci, na wanke ciwon, na ɗauki mai narkewa. Ɗinki ɗaya na zura tun daga sama har ƙasa kamar mai ɗinke bakin buhu, na maimaita a fata. Baba ya tambayi ranar dawowa.

"Ba sai ka dawo ba, Baba, zaren da kansa zai narke."

Ya yi ta sa mini albarka. Na wanke hannu sau ba adadi, na canja riga, na je na ja salla.

Kwana tara bayan nan ya dawo shi kaɗai, da ƙullin sabuwar masara a kafaɗa. Ya ce ya ɗaure Ƙyalla a gindin rumbu yadda na ce, shi ya koma gadin gona da sandarsa. Har ta fara cin abinci. Ran kwana na bakwai ta jiyo kukan birai a gona, ta zabura ta fizgi igiya, ɗinkin ya ɓalle gaba ɗaya. Kafin Barakatu ta kira shi karyar ta mutu.

"Laifina ne, Malam," in ji shi. "Kai ka yi naka. Ni ne ban ɗaure ta inda ba za ta ji su ba."

Ya ajiye masarar a gabana, ya ce tukuicin wahalata ne, ya karyo mini tun birai ba su gama da ita ba. Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, na waiga na ga Tasi'u ya kasa kunne. Abin da ya fito daga bakina shi ne, Allah ya mayar da alheri. Kuma na karɓi masarar. Kunyar wannan ta fi ta ɗinkin cina.

A bara mafi yawan gonar Baba ta koma saura, don shi kaɗai ba ya iya korar biri. Yanzu ɗan fegin bayan gida yake nomawa. Amma duk wanda karensa ya ji ciwo a ƙauyensu, ni yake turo masa, yana ce musu hannuna yana da kyau. Da nailan nake ɗinke su, ƙulli-ƙulli, a bakin shago, kowa yana gani. Shi kuwa Baba, har yau ban gaya masa ba.