Kalmar da na jefi Malam da ita

Ko shekara nawa zan yi a duniya, akwai wata Talata a unguwar Al Ras ta Dubai da ba za ta fita daga kaina ba. Lokacin ina ɗaure kwali a wani shagon kago, inda 'yan kasuwar Kano ke kawo kaya a tura musu gida. Ni ne mai igiya da salatif. Mai rubuta suna da lambar waya a jikin kwali kuma wani dattijo ne ɗan Kudancin Kaduna, muna ce masa Malam, don ya koyar a firamare kafin ya zo Dubai. Mutumin nan duk kwastoman da ya shigo, ya san lambarsa da ka. Kuma bizarsa a hannun Alhaji mai shagon take, saura wata guda a sabunta.

Ana gab da Sallah ne, kaya har bakin titi, zafi kamar ana hura wuta. Mun yi sati uku babu hutu. Wata Hajiya na tsaye kan kwalayenta sai na ga Malam ya riƙe maka, alƙalamin da yake rubutu a kwali da shi, a sama, ya ƙi rubutu.

Na ce, "Malam, yalla, yi sauri mana!"

Ya ce a hankali, "Ƙanena, haruffan nan yawo suke min. Tsakar kaina kamar an ɗora tukunya."

Wallahi na san abin nan. Shi ya same ni ina aji biyu na sakandare: in buɗe littafi, ido ya yi ta ruwa, ƙeya ta ɗau zafi, in karanta layi sau biyar ban riƙe komai ba. Kakata ta ce taɓin boko ne. A zamaninsu ba zagi ba ne, kai ne kawai ya gaji da karatu, a ba ka kunu ka kwanta. Amma yaran unguwa suka mayar min da shi suna, har na daina zuwa makaranta. Yanzu ba mai faɗin kalmar, duk wanda ya ji "taɓi" hauka yake kawowa. Ni da na fi kowa sanin haka, ni na buɗe baki, da dariyata, wai zan kwantar masa da hankali:

"Haba Malam, ai taɓin boko ne! Ni ma na yi."

Hajiya ta janye kwalinta da ƙafa. "Taɓi? A'a, ɗan nan. Kar a tura min kaya Kwatano." Kafin la'asar, har masu shagon kayan yaji na leƙo mu.

Malam ya je asibiti, likita ya ce gajiya ce, ya rubuta masa hutun sati. Ya dawo garau, rubutunsa kamar na da. Amma kwastoma sai su ja ni gefe: "Kai ka rubuta min." Ni da ko sakandare ban gama ba! Na sami Alhaji na ce, "Don Allah Alhaji, laifin bakina ne, ga takardar likita." Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Ni ban ce yana da komai ba. Amma mutane sun ƙi, ya kake so in yi? Khalas, shi ke nan." Ba a sabunta bizar ba.

Ana jibi zai tafi na raka shi Bur Dubai sayen yadi na matarsa. A cikin abra, kwale-kwalen da ke tsallaka mutane, na kasa kallonsa. Sai da muka kai tsakiyar ruwa na ce, "Malam, ka yafe min."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Ka san ina koyarwa na taɓa faɗa wa wani yaro irin wannan magana? A gaban aji. Wasa nake. Bai sake dawowa ba. Tun ranar da ka ce kai ma ka yi, shi nake gani a fuskarka." Ya zaro makarsa daga aljihu ya sa min a hannu. "Ka riƙa rubuta lambar da girma. Kuma in kai ya yi zafi, ka zauna. Kar ka jira wani ya raɗa masa suna."

Na canza aiki sau huɗu tun daga nan, ba na iya zama wuri guda, amma makar tana jakata, ta bushe tuntuni. Abin da na koya shi ne, gajiya tana tafiya in an huta, sunan da aka liƙa mata ne ba ya tafiya. Yanzu in na ga wani ya tsaya cak a tsakiyar aiki, kujera nake ja masa, in kawo ruwa, in ja bakina in yi shiru.