Baƙar Toka a Burtali

A ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Bungudu da Gusau, ba a raina shara. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani, in ba haka ba zai ɗauke mu wawaye. Ƙasarmu jigawa ce, tana da ci. Kowace shekara idan rani ya yi nisa, motocin tifa kan kwaso bola daga cikin Gusau, mu kuma mu tsaya bakin hanya muna roƙon direbobi su juye mana a gona. Mu tsince leda da kwalabe, mu baza sauran. Abin da birni ya kira shara, mu taki muke ce masa, kuma mafi daraja a cikinsa ita ce toka, musamman ta gidajen burodi.

Ni na yi shekaru ina masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma kafin in ajiye aiki in koma noma. Karatuna bai wuce firamare ba. Amma aikin ya koya mini cewa kowace magana tana da ƙofar da take fara shiga, kuma wanda ya tsallake ƙofar farko zai dawo ya bi ta.

A shekarar da nake magana, ranar kasuwa ce, gari ya watse. Da la'asar masu dawowa suka tarar an juye tsibi guda a cikin burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin shingayen gonaki su gangara tafki. Wannan tafki shi ne ruwan dabbobinmu da na Fulanin da ke maƙwabtaka da mu, tun daga ruwan farko har ƙarshen rani. A lokacin ya kusa ƙafewa, yana jiran damina. Kuma duk ruwan saman da ya sauka a wannan gefe, ta burtalin yake bi ya shiga cikinsa.

Tsibin baƙi ne, mai laushi kamar toka. Babu wanda ya roƙa, babu wanda ya san mai shi. Mutane suka ce Allah ya kashe ya ba mu. Yayana, wanda gonarsa ce mafi kusa, ya riga kowa. Kafin magariba ya kai mangala huɗu a kan jakinsa.

Washegari bayan na karya kumallo na je na duba, don ni ma ina so. Na tsuguna na tona da kara. Abu uku na gani. Na farko, warinsa ba na toka ba ne, wani tsami ne mai kama maƙogwaro. Na biyu, akwai fasassun baƙaƙen robobi da wasu faifai masu raga-raga, irin na cikin batirin mota. Na uku, ciyawar da ke gindin shingen, wadda ta jure rani duka, ta ƙone inda tsibin ya taɓa ta.

Daga nan na wuce gidan Yaya. Na same shi yana juya mangalarsa yana tsaki. Gindinta ya zazzage, ya yi huji-huji, jakin kuma gashin haƙarƙarinsa ya soma zuba.

Ya ce, "Ka ga aikin masu saƙar zamani. Mangalar bara ce fa."

Na ce, "Yaya, ba laifin masaƙi ba ne. Ka tuna rigar direban nan da ruwan batir ya zube wa? Haka ta yi. Abin nan ba taki ba ne. Daga wurin masu fasa batir su narka dalma aka kwaso shi."

"Toka dai toka ce. Ƙasa mi ta bari ba ta ci ba?"

"Wagga ba ta cinyewa. In ruwa ya sauka, tafki za ta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To, gwamna. Tun da ka ɗauki jakar takardu kake ganin kai ne hukuma. Mi za ka yi?"

Na ce zan sanar.

Nan ne maganar ta yi zafi. A wurinmu, wanda ya nufi hukuma ƙara ya kai, kuma ƙara ba ta tafiya sai da wanda ake ƙara. Tunda ba a san mai mota ba, kuma Yaya ne kaɗai ya ɗiba, kafin azahar gari ya ɗauka cewa zan kai ƙarar wana uwa ɗaya uba ɗaya. Matarsa ta aiko a gaya mini in ji tsoron Allah. Ban ji daɗi ba, amma ban tsaya gardama ba, domin da yamma ana ganin hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Manoma sun san ma'anar wannan: ruwa bai fi 'yan kwanaki ba.

Ga yadda na bi. Na fara da mai unguwa, na kai shi har wurin, na sa ya sunkuya ya shaƙa da kansa. Ya yi tari, ya ce, "Wannan ko kare ba ya kwana kusa da shi." Ya hana kowa ɗiba. Daga nan muka je wurin hakimi tare. Hakimi ya ce a rubuta, ya sa hannu, ya ce zai sanar da uban ƙasa. Ni na rubuta takardar, kuma ban sa sunan kowa ba. Na rubuta wuri, na rubuta rana, na rubuta abin da ido ya gani, na rubuta nisan tsibin da tafki da takun ƙafata. Game da mota, wata Bafulatana mai tallar nono ta ce ta ga shuɗiyar tifa, ba ta san lamba ba. Haka na rubuta, ban ƙara ba. Sai na ɗebi kaɗan da tsohon cokali na zuba a kwalba, na toshe.

Da safe na hau mota zuwa Bungudu, na nufi ofishin duba-gari. Shugabarsu wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Ta karanta takardar sau biyu, ta ɗaga kwalbar ta duba.

Ta ce, "Baba, da hannu ka ɗiba?"

Na ce da cokali.

"Cokalin fa?"

"Na bar shi a kan tsibin."

Ta ce, "Madalla. Da kowa haka yake kawo mana magana, da ban yi furfura ba. Akwai wanda ya kai gona?"

Na ce ba ƙarar mutum na kawo ba. Ta cire tabarau ta ce, "Ba kama mutum nake yi ba. Ƙasa nake so in kwashe." Na ce in ta zo za ta ji daga bakin mai gonar, don ba na so ta ji daga nawa.

Ta zo washegari da ma'aikata biyu. Ta tabbatar da abin da na zata, ta ce gubar dalma ce, tana kashe dabba a hankali, kuma tana shiga nono. Da ta ambaci nono, Fulanin da suka taru suka daina hira. Matsalar ita ce motar da za ta kwashe sai an nemo ta daga Gusau, kuma ba za ta samu ba sai bayan kwana uku. Duka muka ɗaga kai muka dubi gabas.

Ta ce a yi abu biyu kafin nan: a rufe tsibin, a kuma kauce wa ruwa hanya. Wani ɗan kasuwar hatsi ya ba da aron tamfol. Muka rufe, muka danne gefuna da duwatsu. Sannan aka soma haƙa lambatu ta gefen tudu, kafin a iso tsibin, don ruwan da zai gangaro ya karkata cikin wata tsohuwar kududdufar gini.

Ana cikin haƙa sai ga Yaya da fartanya a kafaɗa. Bai dube ni ba. Ya tsaya gaban Hajiya ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ne ɓarawon tokar. Mangala huɗu. In ɗauri ne, a bari in yi shuka tukuna."

Ta ce, "Alhaji, ɗaurinka shi ne ka nuna mana inda ka zuba."

Allah ya taimaka bai baza ba, tsibi-tsibi ya ajiye a kusurwa ɗaya. Ma'aikatan suka sa safar hannu da takunkumi suka kankare har da ƙasar da ke ƙarƙashi, aka mayar ƙarƙashin tamfol. Ta ce kada ya shuka komai a kusurwar a wannan shekara. Ya yi gunaguni, amma ya kafa turaku ya kewaye ta.

Ruwa ya sauka a rana ta biyu, da hantsi, da iska mai ƙarfi. Ni da Yaya da mai unguwa muka tsaya a burtalin, buhu a ka, muna kallo. Iska ta ɗaga kusurwar tamfol ɗaya, Yaya ya taka ta da ƙafa ya tsaya a kai har aka kawo dutse. Ruwan ya gangaro ja wur, ya iso lambatu, ya cika shi har baki. Na ga kamar zai tsallake. Sai ya karkata ya bi inda muka haƙa masa.

Motar ta zo a ranar da aka ce. Aka kwashe tsibin, aka kankare burtalin kamar zurfin taƙi guda, aka tafi da shi. Mai shuɗiyar tifa ba a same shi ba, har yau. Ba zan ce an kama shi ba alhali ba a kama ba.

Hajiya ta ɗebi ruwan tafki a kwalabe ta ce kada dabba ta sha sai ta aiko. Wannan shi ne mafi wuya. Tafki cike, shanu suna jin ƙamshin ruwa suna kuka, mu kuwa muna jan guga a rijiya safe da yamma, mu da Fulani, layi-layi, har tafin hannu ya yi kanta. Wasu suka soma cewa a bar su su sha, Allah ke tsarewa. Mai unguwa ya ce Allah ke tsarewa, shi kuma an ba shi tsaron burtali, ya datse bakin burtalin da ƙaya.

Saƙo ya zo ta hannun hakimi ranar wata Alhamis: ruwan lafiya lau. Mai unguwa ya janye ƙayar da kansa. Aka fara sakin garken Fulani, domin su suka fi yawa kuma suka fi wahala, sannan shanun noma, sannan tumaki da awaki. Na tsaya a gefe har na ƙarshensu ya gangara. Suka shiga ruwan har gwiwa, suka sunkuyar da kai, suka sha.