Tambayar mijin Mama Talatu

Jiya a cocinmu da ke wajen Tudun Kaya, Mama Talatu ta miƙe za ta gwada koyarwa a gabanmu, sai hawaye ya riga maganarta fita.

Ni nake horar da 'yan ikilisiya yadda za su riƙa koyar da ajin sababbin masu bi, tunda fastonmu shi kaɗai ne, kuma har ƙauyukan Rogo yake zagayawa. Darasin farko ne ya faɗo kanta: wane ne Yesu, kuma me ya sa ya mutu.

Ta share fuska, ta yi bayani tsaf ba gargada.

Da aka tashi na ce, "Mama, lafiya dai? Ai kin yi ƙoƙari."

Ta ce, "Malam, tambayar nan marigayi maigidana ya sha yi mini ita. Bai taɓa shiga coci ba, amma in muna ɓarar gyaɗa sai ya ce, 'Talatu, shi Yesun naku me ya yi aka kashe shi?' Ni kuwa sai in ce ya bari Fasto ya zo. Ranar da Fasto ya samu zuwa gidanmu, gaisuwar mutuwa ya zo yi."

Tun bara, mijin nata na da rai, aka so fara horon nan, amma damina ta zo, kaka ta biyo baya, kowa na gona.

Kafin ta tafi ta roƙa a ba ta ajin tsofaffi, sa'annin marigayi maigidanta.

Har yanzu maganarta na cikin raina. Ku fa, an taɓa yi muku tambaya kuka ce a jira wani?