'Yardada da Ledar Farko

Gwaggona 'Yardada yayar mahaifina ce, kuma shekara goma sha bakwai ta yi tana tsintar gyaɗa a kamfanin garin kunun yara na Alhaji Yero da ke Gwale. Na ce kamfani ne don haka aka rubuta a allon ƙofa. In dai gaskiya ake so, tsohon gida ne aka fasa ɗakunansa, injin niƙa a ɗaya, sito a ɗaya, mata kuma suna zaune a rumfa kowacce da faifai a cinya. Gero da waken suya da gyaɗa da dabino ake haɗawa a niƙa, a ƙulla a leda, iyaye su saya su dama wa yaran da aka yaye. Ni ce mai cike fom ɗin duba kaya. Sunana Bahijja, kuma ina da nawa kason a cikin abin da ya faru, ba zan wanke kaina ba.

A Dukawuya aka haifi Gwaggo, a gidan masu ƙuli-ƙuli, don haka tun ba ta iya ɗaura zane ba take ɓarar gyaɗa. Ko fatiha ba ta iya karantawa a boko, amma ka zuba mata tiya guda a faifai, yatsunta za su yi ta tafiya tana hira, ba ta ko kallo, sai ka ga ɓatattun sun taru gefe guda. Matan rumfa suna tsokanarta wai idonta a yatsa yake. Akwai abin da ta gani tana 'yar shekara tara wanda bai taɓa barinta ba. Wata damina aka yi marka, gyaɗar innarta ta yi fumfuna, aka ji tsoron asara, aka matse ta a haka aka watsa wa agwagi tunkuzar. Kwana biyu agwagi goma sha ɗaya suka mutu a tsakar gida, wuyansu a lanƙwashe. Tun daga ranar ba ta yarda da gyaɗar da ta sha ruwa.

Aurenta bai yi tsawo ba, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Khadijat. Da tsintar nan ta raine ta. Kuma a ƙofar kamfanin nan Nazeer, babban ɗan Alhaji Yero, wanda shi ne manaja, ya ga Khadijat ta kawo wa uwarta abinci, ya ce yana so. Aka yi aure, aka haifi Umair. Kowa ya ce Gwaggo ta tako arziki. Abin da ba wanda ya lissafa shi ne, daga ranar ɗaurin auren mai kamfani ya zama surukinta, manaja ma ya zama surukinta. Mu kuwa gidanmu da gidan Alhaji duk tushen Fulani ne, kunya a wurinmu kamar sallah take. In Nazeer ya shigo rumfa, Gwaggo ta ja mayafi ta juya wa bango fuska. In aka ce ga Alhaji nan, takalminta ma ba ta tsayawa ɗauka. Shekara huɗu ana haka, mace ta fi kowa sanin gyaɗa a gidan, amma ba ta da bakin da za ta faɗa wa masu gidan.

Alhaji Yero ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Yana da wata al'ada da yake alfahari da ita har a gaban ma'aikatan gwamnati masu zuwa duba mu. Duk niƙan da aka yi, ledar farko gidansa ake kaiwa, a dama wa Umair, shi da kansa yake ɗora yaron a cinya a soro bayan rana ta fito ya ba shi da cokali. Yakan ce, "Abin da ba zan ba jikana ba, ba zan sayar wa ɗan wani ba." Mu ma muna jin daɗin maganar, muna maimaita ta wa masu saye.

A daminar da ta wuce, wata Asabar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwanon sito ya yi yoyo a kan buhunan gyaɗa shida da ke can ƙurya. Ba wanda ya lura sai bayan mako guda. Ranar Litinin aka fito da buhu ɗaya rumfa, Gwaggo ta sa hannu, ta tsaya. Ta fasa ƙwara ɗaya, ta shinshina, ta ɗora a harshe ta tofar. Ta yafito ni da hannu, na zo na durƙusa.

"Ke 'yar nan, gyaɗar nan guba ce," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Ta yi fumfuna har cikin cikinta, ɗaci take. Ba tsinta za ta yi mata magani ba, suya ma ba za ta yi ba. Ki je ki faɗa a ƙone ta duka. Kin ji abin da na ce? Guba."

Na ji. Amma a gidan nan magana ba ta tsallake mutum. Ni ba na zuwa wurin manaja kai tsaye, sai na bi ta kan Baffa, ƙanin Alhaji, mai riƙe da makullin sito. Kuma gyaran kwanon nan aikinsa ne, tun bazara ake ce masa ya kira kafinta. Na tsaya a gabansa, dattijo mai furfura, sa'an ubana, na rasa yadda zan buɗe baki in ce sakacinka ya jawo guba. Sai na ce, "Baffa, Gwaggo ta ce gyaɗar ƙurya ta yi fumfuna, wai a duba." Ni na fara sauke wa maganar kaya.

Daga baya, da aka zauna aka bi sawun zancen, mun ji yadda ya ƙarasa. Baffa ya ce wa Nazeer gyaɗar ƙurya ta ɗan sha danshi. Nazeer kuwa oda ce a kansa, masu shaguna suna ta bugo waya, ya sa aka baza buhunan a rana wuni guda. Da yamma ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce an ɗan samu danshi a sito amma an shanya, komai lafiya. Alhaji ya ce madalla. Kowa ya faɗi gaskiya daidai yadda fuskar wanda ke gabansa za ta ɗauka, ni kuma da Nazeer ya leƙo ofis ya ce an gyara, na ɗauki biro na sa alama a gidan "mai kyau". Har yau in na tuna da alamar nan sai in ji haushin hannuna.

Gwaggo ta ga ba a sake kawo mata irin gyaɗar ba, ta ɗauka saƙonta ya isa. Ashe don a yi sauri ne aka wuce da ita wurin suya ba tare da ta bi ta rumfa ba. Laraba aka niƙa, aka ƙulla, aka kai ledar farko gidan Alhaji.

Ranar Asabar da safe ta zaga bayan sito za ta yi alwalar walaha, ta ga buhuna shida a ninke, babu komai ciki, kuma babu toka ko'ina a gidan. Ta shigo ofis, abin da ba ta taɓa yi ba. Ko butar ba ta ajiye ba.

"Bahijja, ina aka ƙone gyaɗar?"

Na hau jujjuya takardun da ke gabana.

"Na ce ina aka ƙone ta?"

"Gwaggo, an ce an shanya."

"An niƙa?"

Na ɗaga kai alamar e.

"Yaushe?"

"Laraba."

Na ga tana lanƙwasa yatsu, Alhamis, Juma'a, yau. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Maigidana." Haka take kiran Umair, irin wasan kaka da jika, amma ranar babu wasa a muryar. Na ce bari in kira Khadijat a waya. Ta ce, "Ita za ta shiga soro ta ƙwace cokali a hannun uban mijinta? Tashi."

Ta shiga sito ta kakkaɓe ƙurar ƙurya, ta tsinto ƙwarori kamar cikin tafi, ta ƙulle a bakin mayafi. Daga kamfani zuwa gidan Alhaji lungu uku ne. Ban taɓa ganin Gwaggo tana gudu ba sai ranar, mace mai shekara kusan sittin, tana tsallake kwata, takalmi ɗaya ya cire ba ta waiwaya ba. Ina binta ina addu'ar Allah ya sa yaron ya makara, Allah ya sa ya ƙi sha yau, Allah ya sa gas ya ƙare a gidan. A ƙofar soron ta ja ta tsaya cak. Shekara huɗu ba ta taɓa taka dokin ƙofar nan ba, ko ranar suna ta ƙofar baya ta shiga. Ina jin numfashinta, ina kuma jin ƙarar cokali a jikin kofi daga ciki, da muryar Alhaji yana cewa, "Ha, buɗe baki, saura kaɗan."

Ta shiga ko sallama babu. Alhaji yana kan darduma da abokansa dattawa biyu, Umair a cinyarsa, haɓar yaron duk kunu. Ta sa hannu ta fisge kofin, ta watsar da shi a ƙasa, ta ɗauke yaron ta miƙo mini. Dattawan suka yi salati. Alhaji ya bi ta da kallo, cokali a hannunsa. Sai ta durƙusa, ta kwance bakin mayafi, ta zube gyaɗar a kan dardumarsa, ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Alhaji, ci."

"Subhanallahi, lafiya, Gwaggo?"

"Ba lafiya ba. Ci ɗaya."

Ya ɗauka ya tauna. Na ga fuskarsa ta yamutse, ya tofar a tafin hannu, ya dubi abin da ya tofar, kore-kore baƙi-baƙi.

"Ita ce a cikin kunun nan," in ji Gwaggo. "Buhu shida. Tun Litinin na ce guba ce. Kwana uku kana ba shi da hannunka."

Alhaji ya dubi kofin da ke kife, ya dubi Umair da ke kuka a kafaɗata. Wallahi ban taɓa ganin tsoro a fuskar babban mutum irin na ranar ba. Ya ce, "Ni danshi aka ce mini." Muryarsa ta zama 'yar ƙarama.

A adaidaita sahu muka kai yaron asibiti, Alhaji ko hula bai sa ba. Aka ɗebi jini. Likitar ta ce fumfunar gyaɗa hanta take taɓawa, kuma ba lallai ta nuna nan take ba. Ta ce yanzu dai ba ta ga abin tashin hankali ba, amma a riƙa dawo da shi gwaji, kuma a sa ido a kan idonsa, in farin ya fara komawa ruwan ɗorawa kamar mai shawara, ko wace sa'a ce a kawo shi. Nazeer ya kwana biyu yana bin shaguna daga Ƙofar Kabuga har cikin kasuwa yana karɓo kayan. An samo mafi yawa, aka ƙone a bayan gari. Wasu ledojin an riga an sayar wa mutanen da ba wanda ya san sunansu, kuma wannan ma yana cikin abin da ke hana ni sukuni.

Alhaji ya tara mu duka, ya sa kowa ya maimaita ainihin abin da aka faɗa masa da abin da shi ya faɗa. Da aka zo kaina na yi kuka kamar raina zai fita. Bai kori kowa ba. Ya ce laifinsa ya fi na kowa, tunda ya gina gidan da sai labari mai daɗi ke iya hawa matakalarsa. Ya san ba zai iya cire mana kunya ba, shi ma ba zai iya cire tasa ba, sai ya sa aka rataye faifai a ƙofar ofis. Duk wanda ya ga ɓataccen kaya, ya ɗebo ya zuba a ciki, ba sai ya yi magana ba, ba sai an san shi ba. In dai akwai ko ƙwara ɗaya a faifan, inji ba ya tashi sai Alhaji ya zo ya gani da idonsa. Sau uku ke nan ana tsayar da niƙa, sau ɗaya Baffa ne da kansa ya zuba.

Gwaggo kuwa ba ta sake komawa ba. Alhaji ya aika sau biyu, har ya ce a ba ta shugabancin duba kaya gaba ɗaya. Ta ce a gaya masa ta gode, amma matar da ta tsaya a kan surukinta a gaban baƙi ta ce masa ci, ba ta da fuskar da za ta sake haɗa hanya da shi. Na yi mata faɗa, na ce rai ta ceta, wace kunya kuma? Ta ce in rufe mata baki, ni da aka aika da guba na kai fumfuna. Ban sake tayar da zancen ba.

Yanzu wata biyar ke nan. Tana ƙuli-ƙulinta a Dukawuya kamar yadda innarta ta yi. Amma kullum da safe sai ta tako har Gwale, ta tsaya a bakin lungun gidan Alhaji, inda ba za a hango ta daga soro ba, ni kuma in shiga in fito mata da Umair kafin in wuce aiki. Takan durƙusa ta ce, "Maigida, ina kuɗin cefane?" sannan ta juya fuskarsa wajen rana, ta sa babban yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa. Yaron ya ɗauka wasa ne. Jiya tun daga nesa da ya hango ta ya saki hannuna, ya sa 'yan yatsunsa ya ja idanunsa biyu da kansa, yana dariya.

"Gwaggo, fari ne?"

Ta riƙe haɓarsa ta daɗe tana dubawa, na dama, na hagu, ta sake komawa na dama. Ni ma ina tsaye ina jira.

"Fari ne," ta ce. "Gobe ma ka zo in gani."