Katifar da Uwar Ɗaki Ta Ƙi Hawa

Mahaifina ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana ɗinka katifar auduga, kuma a shekaru goma sha ukun ƙarshe bai taɓa miƙa wa kowa aikinsa ba sai kyanwa ta amince da shi. Idan na faɗi haka mutane dariya suke yi. Ni ma da can ina taya su, amma yanzu kewarsa ba ta barina.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, bango ɗaya da shagon mai aski. Buhunan auduga sun kai rufi, ga dogon tebur da ya yi sulɓi saboda goga, ga bakan shiɓar auduga rataye a ƙusa, ga gwangwanin basilla da bai yarda kowa ya taɓa ba. Auduga ba ta rabuwa da girarsa, shi ya sa tun yana da sauran ƙuruciya ake gaishe shi kamar tsoho. Idan aka kawo tsohuwar katifa sai ya farke ta, ya shanya audugar a rana, ya buge ta da sanda, ya shiɓe ta har ta tashi, sannan ya cusa a sabon yadi. Daga nan sai ya rufe ido ya bi ta da tafin hannu daga kai har ƙafa yana neman ƙullutu. Ya kan ce ido maƙaryaci ne a wannan sana'a, tunda bayan mutum ne zai kwanta, ba idonsa ba.

Kyanwoyi uku ne a shagon, kowa da halinsa. Akwai Malalaci, wani baƙin muzuru da ya mai da farantin sikeli gadonsa, sai an ɗauke shi kafin a auna auduga, kuma ɓera zai iya bi ta kan jelarsa bai buɗe ido ba. Akwai Ɓarauniya, 'yar ƙarama ja, wadda ba ta taɓa satar abinci ba, zare kawai take sata, ta kai ƙarƙashin kujerar mai aski ta tara. Sai kuma Uwar Ɗaki.

Ita ba wanda ya kawo ta. Wata safiya ana ruwa ta shigo da yagaggen kunne, ta haye tebur, ta kalli Baba kallon mai gida da ya zo duba 'yan haya. Ba ta son a ɗauke ta. Ba ta cin abinci idan ana kallonta. Ko za ka wuni kana kiranta ba za ta waiwayo ba, amma da Baba ya yi tari sai ga ta a gefen ƙafarsa. Ni kuwa, autar gidan, ta ɗauke ni baƙuwar da ta daɗe ba ta tafi ba.

Da Baba ya soke ɗinkin ƙarshe sai ta hau katifar ta bi ta kusurwa zuwa kusurwa, tana tausa da ƙafafunta na gaba. In aikin ya yi, sai ta naɗe a tsakiya tana gurnani a hankali. In ta ci karo da ƙullutu, sai ta karkaɗe ƙafa kamar ta taka ruwa, ta sauka, ta zauna ta ba katifar baya. Wata rana matar mai gidan burodi ta zo ɗaukar tata, mota na jira a waje, Uwar Ɗaki ta sauka ta juya baya. Baba ya ɗauki almakashi. Matar ta yi ta faɗa, direba na ta danna oda, shi ko ya farke gefe ya zaro dunƙulen auduga kamar ƙwai. Tun daga ranar, masu kawo aiki kafin su tambayi komai sai su ce, "Ta kwanta?"

Mai aski ya kan leƙo ya ce, "Mai katifa, wai kai ne da shagon nan ko ita?"

"Ni ɗan aikinta ne," in ji Baba. "Ka yi a hankali kar ta ji, ta sallame ni."

Katifar soso ta cika gari, aiki ya ragu, amma wannan bai karya shi ba. Ciwon suga ne ya bi shi a hankali har ya kai ga yatsunsa. Sai ya soki yatsansa da basilla bai sani ba, sai ya ga jini a yadi. Yayana, wanda ke zaune a wani gari da iyalinsa, ya gyara masa ɗaki, ya dinga matsa masa ya rufe shago ya koma can ya huta. Baba kuwa, tun rasuwar Inna, shagon nan ne kaɗai wurin da yake dariya. Don a ƙyale shi sai ya ce wa Yaya, a gaban mai aski, "Ranar da Uwar Ɗaki ta ƙi aikina sau uku a jere, ni da kaina zan sa kwaɗo." Da wasa ya faɗa, amma shi mutum ne da ko wasansa ba ya janyewa.

Da na zo hutu daga makarantar da nake koyarwa, mai aski ya ja ni gefe ya ce Uwar Ɗaki ta ƙi katifa biyu. Duka biyun Baba ya farke ya sake, ya sake, a ƙarshe ya mayar wa masu su audugarsu a buhu ya ba su haƙuri. Tun daga nan ba wanda ya kawo aiki. Na same shi zaune a kan benci yana murza yatsunsa, ya rame, Malalaci na barci a sikelin da ya yi ƙura.

Na ce, "Baba, katifa nake so. Soson nan ya kashe min baya."

Ya dube ni. "Auta, ke da kika ce auduga kayan tsofaffi ne?"

"To ai na fara tsufa."

Kwana huɗu ya yi a kanta. Ya zaɓi yadi shuɗi mai ratsin fari, ya shiɓe audugar sau biyu. Na ga ya rufe ido yana bin ta da hannu, ya je ya dawo, ya je ya dawo, sai na gane hannun tafiya kawai yake yi, ba ya jin komai. Da ya fita wanke fuska na dafa da nawa. Ƙullutun yana nan wajen kai, ta hagu, ko yaro zai ji shi.

Abin da na yi na wauta ne, kuma har yau ina jin kunyarsa. Washegari da rana, kafin ya soke ɗinkin ƙarshe, na zo da gwangwanin kifi a jakata. Da ya juya neman zaren da Ɓarauniya ta sace, na dangwalo man da yatsa na shafa a tsakiyar katifar, ɗan kaɗan, inda ratsin zai ɓoye. A tunanina ai kyanwa kyanwa ce.

Ya gama, ya tsinke zaren da haƙori, ya yi tari. Uwar Ɗaki ta fito daga bayan buhu ta hau. Ba ta je kusurwa ko ɗaya ba. Kai tsaye ta nufi tsakiya ta sa hanci, ta fara lasa. Kafin in ƙifta ido Ɓarauniya ta diro, sai ga Malalaci ma, wanda rabon da a ga ya yi gudu tun yana ƙarami, ya faɗo daga sikeli ya taho a guje. Su uku suka haɗa kai suna lasar yadin sabo fil.

Na ce, "Baba, ka gani? Ta hau! Har da 'yan rakiya."

Bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya shinshina wurin, ya miƙe a hankali.

"Uwar Ɗaki ba ta lasar aiki, Auta. Tausa take yi." Ya kalli jakata, ya kalle ni. "Ke ma kin ji shi ke nan. A ina yake?"

Na kama hannunsa na ɗora a kan ƙullutun, na danna. Ya tsaya idonsa a rufe, ya ƙara dannawa da ƙarfi har jijiyar hannunsa ta tashi.

"Nan ne?"

"Nan ne, Baba."

"Ban ji komai ba," ya ce.

Uwar Ɗaki ta gama lasa, ta miƙe ta yi aikinta kamar kullum. Ta bi kusurwa ta farko, ta biyu, ta iso wajen hannayenmu, ta tausa sau biyu. Ta karkaɗe ƙafa, ta sauka, ta ba mu baya.

Na roƙe shi ya bari in farke in gyara da hannuna, shi ya riƙa gaya min yadda zan yi, ba wanda zai sani. Ya ce shi zai sani, ita ma za ta sani. Ya goge basillolinsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a gwangwani, ya sauke bakan shiɓa daga ƙusa. Mai aski ya fito da almakashi a hannu zai yi tsokanar da ya saba, da ya ga kwaɗo a hannun Baba sai ya koma ciki.

Mai aski ya karɓi Malalaci da Ɓarauniya, ya ce dama rabin zaren duniya na ƙarƙashin kujerarsa. Matar Yaya gashin kyanwa na tayar mata da asma, don haka Uwar Ɗaki ta biyo ni, ita da katifar. Baba ya yi wata goma sha ɗaya a gidan Yaya. Sun kula da shi, ba ni da abin cewa. Duk lokacin da na kira shi a waya, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce in kai wayar kusa da Uwar Ɗaki. Sai ya yi tari. Ita kuma ta tashi ta zagaye ɗakin, ta leƙa bayan ƙofa, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta dawo ta zauna tana kallona kamar ni na ɓoye shi.

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Uwar Ɗaki ta tsufa, haƙoranta sun zube, amma halin na nan. Tana kwana a kwandon wanki, a kan littattafan ɗalibaina, a cikin takalmin mijina, ko'ina ban da katifar nan. Har yau ba ta sake hawa ba, kuma ban taɓa jin haushinta ba, don shi ma ba zai so ta yi masa kara ba.

Ni ce nake kwana a kai. Ƙullutun yana zuwa daidai kafaɗata ta hagu, kusan kullum da ciwon wuya nake tashi. Mijina ya ce minti goma ya isa a farke gefen a cire shi. Na ce a bar min abina. A duk faɗin katifar, nan ne kaɗai wurin da na san hannuna da na Baba sun taɓa tare.