Neman Danis na Teku

Tafiyar nan ta ba ni wuya, ba zan ɓoye muku ba. Har yanzu bayana bai miƙe ba.

Yayana ne ya zo Umra. Masunci ne, a bakin kogi a Yawuri ya tsufa, kifin kiwo ko taɓawa ba ya yi. Ni kuwa na daɗe ina cika masa baki a waya cewa a Abhur, can gaɓar tekun Jidda, nake aikin tuƙi, teku a ƙofar gida, kifin danis nake ci. Da na je kasuwa in saya masa, mai kifi ya ce duk danis ɗin da ke kan ƙanƙarar nan a keji aka yi kiwonsa, daga Turkiyya da Girka. Ashe abin da nake ci ke nan ina alfahari. In na kai wa Yaya wannan, kunyar har Yawuri za ta bi ni.

Mun tashi da asuba neman danis na teku, ni da wani abokina ɗan Nijar, bayan na roƙi kafili, wato maigidana, mota. Muka yi kudu. Titi sumul, ba rami, sai rairayi da raƙuma da rana mai dafa ƙwaƙwalwa. A hanya muka karya da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, abokina ya cinye ya kama barci, wai rakiya ya yi mini.

A wani ƙauyen masunta muka tarar da ƙananan jirage suna shigowa. Wani dattijo ɗan Yaman ya ce da can nan kusa suke cika kwando, yanzu sai an yi nisa cikin ruwa. Danis ɗin kamu da ake gani a Jidda, in ji shi, da yawa daga Oman da ƙasarsu ake kawowa, na Maroko kuma Turai yake tafiya. Ya tono mini guda biyu daga ƙasan kwando, 'yan sirara. Tsada kam akwai. Na ce halas, shi ke nan, na biya.

Da la'asar muka iso masaukin Yaya a Balad, tsohon garin Jidda, aka gasa mana. Ya buɗe cikin kifin da yatsa, ya duba, ba kitse. Ya daɗe yana taunawa.

"Wannan da kansa ya nemi abincinsa," ya ce. "Matso mu ci, ɗan birni."

Har kan kifin ya tsotse. Ni dai na koyi cewa zama kusa da ruwa ba shi ne sanin kifi ba.

Washegari da sassafe na wanke motar da lemon tsami saboda ƙarni, na kai yaran kafili makaranta.